Kurwar Motar Baba

Ranar da abin ya faru ni na fara shiga gida, hannuwana baƙi ƙirin, riga ta manne mini a baya don gumi. Inna tana bakin murhu. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ba ta ga kowa bayana ba, sai ta miƙe da muciya a hannu.

"Ina babanku?"

"Shina waje cikin mota, Inna. Kurwa ta tsinke."

Muciyar ta faɗi ƙasa. Ta dafe ƙirji ta kama salati, ƙanwata ta fito daga ɗaki a guje ba kallabi. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na ce, "Ta mota, Inna! Kurwar mota! Baba lahiya tai lau!"

Ku da muke zama amfi ɗaya kun riga kun gane. Kalmar Faransanci ce, courroie, bakinmu ya tauna ta ya fito da kurwa, ta zo ta faɗo daidai kan tamu kurwar ta gado, wadda ake cewa maye yana kamawa. A aji da wannan misali ne mai daɗi, har malami ya rubuta shi a allo. Amma ga matar da mijinta ya yi wata bakwai yana jinya, babu abin dariya a ciki. Sai bayan kwana biyu ta yarda ta yi murmushi, shi ma rabi.

Baba mutumin Dogonduci ne. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Paraku da Yamai, lokacin da jirgin ƙasa ke kawo kaya daga Kwatano ya sauke a Paraku, manyan motoci su ɗauka su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Da baya ya fara yi masa ciwo sai ya sauka, ya tattara abin da ya tara ya sayi Corolla ta hannu, ƙirar 2005, yana haya da ita cikin gari. Da ita aka biya mini lakol, da ita aka yi rufin ɗakin da nake rubuta wannan a ciki, a Bukoki. Ban taɓa ganin ya kai ta gareji don ƙaramin aiki ba. Kuma ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake yi ba, don ni ɗan boko ne, an ce mini hannuna na biro ne.

A watan Satumba na 2024 ya faɗi a bakin ƙofa yana alwala. Hawan jini. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi.

A shekara ta biyu a sashen ilimin harsuna an karantar da mu labarin Paul Broca, likitan Faransa da a 1861 ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda kome aka tambaye shi amsarsa "tan" ce. Bayan mutuwarsa aka buɗe kai aka tarar da rauni a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda hannun dama ya mutu masa sau da yawa harshe kan bi. Na haddace wannan tsaf, na ci 15 bisa 20 a jarrabawar, na yi ta taƙama a resto. Ban san takardar za ta biyo ni gida ta zauna kan tabarma ba.

Abin da ya rage wa Baba kaɗan ne. Yana da "to". Yana da "sannu". Yana da "wanga", wadda yake nuna kome da ita, daga kofi har ni kaina. Abin mamaki, Fatiha tana fita bakinsa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma ka ɗaga masa cokali ka ce mene ne wannan, sai ya dube shi, leɓe ya yi ta motsi, ido ya cika da ruwa, a ƙarshe ya ce wanga. Yana jin duk abin da ake faɗa. Wannan ne mutane ba su ganewa. Masu zuwa gaisuwa sai su riƙa ɗaga murya kamar kurma suka tarar, ko su yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Ina jin haushinsu ƙwarai. Zan nuna muku a ƙasa cewa ban fi su ba.

Tun daga nan aikin motar ya koma ɗaya: kai Baba gashin ƙashi da motsa jiki, abin da muke ce wa kine, Litinin da Alhamis. Ni ne direba. Mai yi masa kine ta gaya mana tun farko kada mu riƙa tsallake rana, don watannin farko su ne jiki ya fi karɓar gyara.

Tun cikin azumi motar ta fara wani kuka da safe, tsiii, kamar ɓera ya shiga tarko, sai inji ya yi zafi ta yi shiru. Duk lokacin da ta yi, Baba sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna kapo: "Wanga. Wanga." Ni kuma in ce, "To Baba," in ƙara muryar rediyo. Ina da darasi ƙarfe goma a Harobanda, ga cunkoson gadar Kennedy yana jirana, ba ni da lokacin kukan mota.

Wata Alhamis cikin Afrilu, bayan ƙaramar Salla, muna dawowa wajen ƙarfe ɗaya na rana, irin zafin nan da kwalta ke yin laushi, sai na ji fat! fat! fat! a gaba, kamar ana dukan ƙarfe da bulala, sannan shiru. Jar fitilar batiri ta kama. Na zo karya kwana sitiyari ya ƙi, sai da na sa hannu biyu kamar mai kokawa da bijimi. Allurar zafi ta fara hawa. Na ce a raina gida bai kai kilomita ɗaya ba, bari in lallaɓa. Baba ya kama dukan gaban motar da tafin hannu, yana duka yana kallona, har na tsorata na gangara gefe na kashe.

Daga baya na gane abin da ya cece mu daga gare shi. Wannan kurwa guda ɗaya ita ke juya kusan duk abin da ke manne a jikin inji. Tana karɓar ƙarfi daga pulin ƙasa, na bilbireke, ta kai wa altarnater mai cika batiri, ta kai wa famfon sitiyari, ta kai wa kilim, ta kai wa famfon ruwa. In ta tsinke duk su tsaya tare. Fitila da nauyin sitiyari ana iya haƙuri da su. Famfon ruwa ne ba a wasa da shi: in ruwa bai zagaya ba, mintoci kaɗan sun isa inji ya dahu, kan inji na alminiyom ya lanƙwashe, juwan kilas ya ƙone. Nan kuma an bar maganar jikka goma, an shiga maganar sayar da fili. Motocin da suna da kurwa biyu ko uku, kowace da aikinta, in ɗaya ta tafi saura na nan. Wannan mai zagaye kamar maciji an fara sa ta a Ford Mustang ta 1979 a Amurka, yau kusan kowace mota ita gare ta. Ta fi sauƙi, ta fi daɗewa, amma ranar da ta tafi da kowa take tafiya.

Yaran unguwa suka turo mu har ƙofar gida, Baba yana zaune gaba kamar sarki, na ba su dala arba'in su sha ruwan sanyi.

Da dare muka yi lissafi ni da Inna. Kuɗin adashinta ya tafi wajen magani. Burs ba ta fito ba, ba sai na yi muku bayani ba. Makanisiyen da ke bakin titi ya faɗi kuɗin kaya da na hannu, na ji kamar ya ce in sayo masa rago. Ban zarge shi ba, don tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kome na mota ya hau. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma gadar Malanbil ba ta buɗe ba, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina cikin ayari. Taksi kuwa, kun san taksin Yamai, mutum huɗu a cusa, a sauke wannan a ɗauki wancan. Mutumin da ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaguwa ba ya shiga irin wannan, sai dai a ɗauki motar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, sau biyu a sati. Na ce wa Inna ni zan sa ta da kaina. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa?"

Juma'a da safe na shirya zuwa Feray. Ina fita Baba ya kira ni da "wanga", yana kaɗa wani baƙin abu a hannu. Na ɗauka sallama yake yi mini. Na ɗaga masa hannu na ce sai na dawo.

Wanda bai taɓa shiga Feray ba cikinku, ya je ko ba ya da mota, musamman ƴan sashenmu. Na tsaya a rumfa ɗaya kamar minti ashirin ina jiran mai ita ya gama da wani, abin da kunnena ya kwasa ya fi na wata guda a laburare. Wani apranti yana ce wa ɗan'uwansa ya miƙo kile disnef, bai ce sha tara ba, kuma na tabbata in ka ba shi takarda ba zai rubuta 19 da Faransanci ba. Dubi yadda clé ta zama kile: Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakani, yadda ta yi wa cric ya zama kirik. A jimla guda za ka ji mota, taya, birki, sitiyari, waɗanda suka shigo mana daga Ingilishi ta hanyar Kano tun zamanin kakanni, tare da kapo, buji, puli, tander, da suka zo daga Faransanci. Mai rumfar yana ciniki da Zabarmanci, ya juya ya zagi yaronsa da Hausa, ya ƙirga kuɗi da dala da jikka. Wani Bakano da ya zo neman irin abin da nake nema ya ce a ba shi fambel, ba wanda ya tambaye shi me yake nufi.

Abin ya taɓa ni don a satin nan muke cikin gardama a aji. A ƙarshen Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kun tuna yadda fak ta ɗauki zafi, da abin da abokanmu masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak suka ce, wanda ya kamata a saurara da kunnen gaskiya. Mu kuma aka ba mu aikin gida kan ƙirƙirar kalmomin fasaha. Ni ina cikin masu tsauri. Na rubuta shafi huɗu ina cewa a kori kalmomin aro, a ce "ɗamarar inji", a ce "matsayin ɗamara", a ce "mahaifar lantarki". Ina tsaye a rumfar nan na gwada a zuci in ce wa mutumin ya ba ni ɗamarar inji, sai na ji kunya ta kama ni tun ban buɗe baki ba. Har yanzu ina ganin akwai wurin ƙirƙira, musamman a littafin ƴan firamare. Amma mutanen nan sun fi shekara hamsin suna gyaran mota da Hausa, ba su jira kwamiti ba, kuma ko ɗaya cikinmu bai taɓa zuwa da littafi ya tambaye su ba.

Da layi ya zo kaina na gyara murya na ce kurwa nake so ta Corolla.

"Wace kurwa? Distiribisiyo ko altarnater?"

Na ce wadda ake gani in an buɗe kapo. Ya ce to, dama irin injin nan sarƙa gare shi a ciki, ba kurwa ba. "Amerik ko Erop?"

Ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na yi tunanin ɗan boko: Nijar ce, kome namu daga Faransa yake zuwa. Na ce Erop. Ya ce, "Ina tsohuwar?" Na ce ta tsinke. Ya ce, "Ko ta tsinke ai a kan zo da gawa." Ya miƙo mini wata cikin kwali, na biya jikka bakwai, na fito ina jin kaina.

Da la'asar na yi awa biyu ina fama. Ko ta ina na bi da ita, sai ta rage kamar taƙi guda ta kai. Na ja, na zagi wanda ya ƙera motar, na fasa ɗan yatsa. Baba yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin dogon yaro yana kallo. Da na gaji na zauna a ƙasa, sai ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo baƙin abin nan na safe ya jefo mini a cinya. Tsohuwar kurwar ce. Ashe tun daren Alhamis ya sa ƙanwata ta zaro ta daga cikin inji. Ya juya bayanta ya dangwala yatsa kan wani rubutu da ya kusa gogewa.

Ni mai karatun alamomi, ga alama an rubuta da farin fenti, ban san tana nan ba. 6PK, sannan lambobi huɗu. Shida ɗin yawan haƙarƙarin da ke cikinta ne, PK irin girman haƙarƙarin, lambobin ƙarshe kuma tsawonta a milimita. Na duba ta cikin kwali: 6PK ita ma, amma lambar ƙarshe ta gaza. Motarmu ƴar Amurka ce, sitiyarinta na mai ne, yana da famfonsa da kurwa za ta zagaya. Ta Turai sitiyarinta na lantarki ne, ba famfo, don haka kurwarta ta fi gajarta. Suna ɗaya, Corolla, abu biyu.

Asabar na koma da gawa a leda. Mai rumfar bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya duba bai ga maiƙo a jikin sabuwar ba, ya karɓa, na cika jikka ɗaya da rabi. Ya lanƙwasa tsohuwar ya nuna mini: ba ta tsattsage sosai ba, amma haƙarƙarin sun cinye sun yi kaifi, bayan ya yi santsi kamar gilashi. Ya ce na yanzu ba su cika tsagewa irin na da ba, sai dai su sheƙe a hankali kamar taya, mutum yana ganin lafiya lau. Ya ce, "Amma wagga ba tsufa kaɗai ya kashe ta ba. Ka duba gale."

Lahadi bayan sallar asuba muka fara, kafin rana ta fito da fushinta. Na ce muka, don wannan karon na ɗauko kujerar Baba na ajiye ta dab da tayar dama ta gaba, na durƙusa na ce, "Baba, ban iya ba. Ka gwada mini." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To."

Ga yadda aka yi, ga wanda wata rana zai shiga irin halina. Inji ya kwana ya huce. Makulli yana aljihuna, ba a jikin mota ba. Baba ya nuna batiri, na cire wayar da ke da alamar ragi. Ya nuna duwatsu, na tokare tayoyin baya, na ja birkin hannu. Na sassauta ƙusoshin tayar dama tun tana ƙasa, na ɗaga da kirik, na cire ta. Zan cusa kai sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya nuna tayar da na cire, ya nuna ƙarƙashin mota. Na tura ta ciki na ƙara da guntun gungume. Kirik ba abin ba wa amana ba ne, balle a kan rairayin ƙofar gidanmu. Na cire baƙar robar da ke rufe gefen inji, sai ga su duka a fili, puli shida.

Ya sa na tsince zaren tsohuwar kurwa da ya naɗe a bayansu. Sannan ya yi da yatsa alamar juyawa. Na riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, ban da na ƙasa wanda ba ya juyuwa da hannu, shi kuma ya karkata kai ya rufe ido. Altarnater, shiru. Famfon ruwa, shiru, ba ya girgiza, ba ya ɗiga. Da na zo kan ƙaramin nan na jikin tander, wanda ake ce wa gale, sai ya yi shrrr, kamar an zuba yashi a kwano. Baba ya buɗe ido. "Wanga." Wata biyu ke nan yana faɗa mini.

Ba mu da kuɗin gale ranar. Na gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa.

Saura babbar matsala. Wanda zai canza kurwa tun ba ta tsinke ba, ya ɗauki hotonta da salula kafin ya cire, ya huta. Tamu ta riga ta fita, takardar zanen da akan manna a ƙarƙashin kapo kuma rana ta cinye ta tuntuni. Puli shida, hanyoyin zagaya su sun fi a ƙirga, ɗaya ce kawai daidai. In ka kuskure, ko ta ƙi shiga, ko ta yi sako-sako, ko wani abu ya juya baibai.

Baba ya sunkuya, ya share ƙasa da tafin ƙafarsa mai lafiya, ya karɓi tsinke da hannun hagu, hannun da bai taɓa rubutu da shi ba. Ya zana da'ira babba a ƙasa. Ya zana saura biyar, kowace a mazauninta, har da bambancin girma. Huɗu ya yi musu zane-zane a ciki, biyu ya bar su fili. Sannan ya ɗora tsinken ya ja layi guda, yana rawa amma bai ɗaga ba, ya bi bayan wannan, ya kutsa tsakanin waɗancan, ya lanƙwaso, ya hau, ya dawo inda ya fara. Ƙanwata ta ce, "La ilaha illallahu." Ni ban ce kome ba, maƙogwarona ya toshe.

Da na natsu na ga ƙa'idar da ke ciki. Masu zanen nan huɗu su ne puli masu ramuka, su cikin kurwa mai haƙarƙari ke kamawa. Biyun da ya bari fili, famfon ruwa da gale, sumul suke, su bayan kurwa ke gogawa. In ka riƙe wannan, rabin hanyoyin ɓata sun rufe da kansu. Mutumin da ba ya iya cewa cokali ya ajiye wannan duka a kansa, da tsarinsa, ba abin da ya goge. Na ɗauki hoton zanen kafin kaji su bi ta kai. Yana cikin salulata har yanzu.

Na bi zanen na zagaya da ita ko'ina, na bar famfon ruwa a ƙarshe, don shi ba ya da leɓe, kurwa tana iya zamewa ta hau. Saura a danne tander. A jikinsa akwai wani kai mai kusurwa shida da ya yi kama da ƙusa, amma ba ƙusa ba ne, ba ya kwancewa, wurin kama kile ne kawai. Na sa kile disnef, na zura guntun bututu a bakinsa don ƙarin tsawo, na tattara ƙarfina zan fizga.

"Sannu!"

Da ƙarfi ya faɗe ta, har akuyar maƙwabta ta firgita. Na tsaya cak. Wata bakwai kalmar nan tana fita bakinsa a matsayin gaisuwa kawai, in an shigo ya ce sannu, in an fita ya ce sannu, in an ba shi magani ya ce sannu. Yau ga ta da ɗayar ma'anarta. Ya maimaita, a hankali wannan karon, yana sauke tafin hannu ƙasa kaɗan-kaɗan: "Sannu. Sannu." Tander ɗin irin motar nan yana da ɗan bututun mai a jikinsa da ke hana shi motsi da sauri, kan da ake kamawa kuma alminiyom ne. Ka fizge shi, ko ya sheƙe ko ya karye, ka koma neman tander gaba ɗaya. Sai dai ka danna ta hannun agogo, ka riƙe, ka ji yana ba ka hanya da kansa.

Na yi ta tunanin wannan "sannu" daga baya. Wani abokina da na ba labari ya ce ƙila dace ne, kalmar da yake da ita ce ya jefo don ya tsayar da ni, da "to" ce ta zo bakinsa da ita zai jefo. Mai yiwuwa. Amma ni na ga hannun, kuma "to" ba ta zo ba.

Ina riƙe da kile, hannu na rawa, ƙanwata ta tura kurwar kan famfon ruwa da tafin hannu, na yi ta ce mata kada ta kuskura yatsa ya shiga tsakani. Ta hau. Na saki sannu. Na miƙe ina murna zan mayar da taya, Baba ya girgiza kai, ya shafa babban yatsansa a kan sauran, ya nuna ƙasa. Na kwanta na bi kowane puli da yatsa. A na kilim, can ƙasa inda ido ba ya kai, haƙarƙari ɗaya ya hau leɓe. Da an tayar a haka da kafin azahar ta yage gefe, jikka takwas da rabi ta bi iska. Muka sake dannawa, muka gyara, na sake shafawa sau biyu.

Na mayar da roba, na mayar da taya, na sauke mota, na ƙara ɗaure ƙusoshi, na haɗa batiri. Na ƙirga kile-kilen da na fito da su don kada a bar wani a ciki. Inna ta fito ta tsaya a bakin zaure da hannu a ƙugu. Na murɗa makulli. Jar fitilar ta kama ta mutu. Na juya sitiyari da yatsa biyu ya bi. Muka bar ta tana aiki kamar minti goma sha biyar, allura ta hau tsakiya ta tsaya. Kurwar tana gudu a miƙe, ba ta rawa. Ƙarƙashin ƙarar inji kuwa, in ka kasa kunne, ga shrrr ɗin gale yana nan.

Litinin muka isa kine ƙarfe takwas saura. A hanya ya nuna kapo sau ɗaya, na ce, "Na ji, Baba, gale ne. In burs ta fito shi za mu fara saye." Rediyo a kashe yake. Sai da aka yi sati uku ana tafiya a haka, kullum ina buɗe kapo da safe in duba gefen kurwar, kafin kuɗin su zo in canza shi. Wannan karon da tsohon na tafi a aljihu.

Aikin gidan nan na kalmomin fasaha na janye shi na sake rubutawa. Malam ya ba ni 11, ya rubuta da jan biro cewa na kawo kalmomi da yawa amma ban tsaya a matsayi ɗaya ba. Gaskiyarsa. Yanzu ina da littafi guda da nake zuwa da shi Feray ranar Asabar, na kai kalma ɗari da ƴan kai, kuma ina neman wanda ya iya Zabarmanci sosai cikinku ya raka ni, don rabin abin da ake faɗa a can yana wuce ni. Da dare nakan karanta wa Baba su ɗaya-ɗaya. In na faɗa daidai ya ce to. In na karkace ya buga sanda. Kwanan baya na ce "tander", leɓensa ya yi ta motsi, ya fito da "ta", ya tsaya nan.

Inna dai har yau ba ta yarda ta kira abin da sunansa ba, kuma ta hana a faɗe shi a cikin gidanta. Igiyar mota take cewa. Tsohuwar ma ba ta bari an yar ba, ta sa an huda bakinta biyu an ɗaura waya, da ita ake ɗaure ƙyauren zaure in iska ta taso.